Tarihin Bayard Rustin, mutumin da ya tsara gangamin Washington na 1963

A ranar 28 ga watan Agustan shekarar 1963, mutane kimanin 250,000 suka yi dafifi a birnin Washington na ƙasar Amurka, domin neman 'yanci da ayyukan yi ga baƙar fata. Duniya ta fi tunawa da wannan rana ne saboda jawabin da Martin Luther King ya gabatar game da mafarkinsa. To amma mutumin da ya tsara taron, tun daga motocin da suka yi jigilar jama'a har zuwa lasifikar da King ya yi magana da ita, shi ne Bayard Rustin, wanda aka shafe shekaru masu yawa ba a cika ambaton sunansa a littattafan tarihi ba. Babban dalilin hakan kuwa shi ne, Rustin mutum ne mai sha'awar maza 'yan'uwansa, a zamanin da dokokin Amurka suka ɗauki wannan a matsayin laifin da ake ɗaure mutum a kansa, kuma abokan gaba da ma wasu abokan tafiya sun yi amfani da hakan wajen mayar da shi bayan fage.

Yaro a gidan kakanni

An haifi Bayard Rustin ne a ranar 17 ga watan Maris na shekarar 1912, a West Chester, wani ƙaramin gari da ke jihar Pennsylvania, kimanin kilomita 40 yamma da birnin Philadelphia. A wancan lokaci mazauna garin ba su kai 12,000 ba, saboda haka kusan kowa ya san kowa, ya kuma san asalinsa. Mahaifiyarsa Florence yarinya ce ƙarama da ba ta yi aure ba, don haka iyayenta, Janifer da Julia Rustin, suka rungumi jaririn suka haɗa shi da 'ya'yansu. Ya tashi yana ɗaukar kakanninsa a matsayin iyayensa, mahaifiyarsa kuma a matsayin yayarsa, sai da ya kai kimanin shekaru 11 sannan ya san gaskiyar lamarin.

Garin West Chester ya yi suna da mabiya ɗarikar Quaker, wasu Kiristoci da suka haramta wa kansu yaƙi, suka kuma yi imani da cewa 'yan Adam duka ɗaya suke a gaban Ubangiji. A zamanin bauta, ta wannan yanki bayi da dama da suka gudo daga kudu suka bi zuwa arewa. Duk da wannan tarihi, garin bai kuɓuta daga wariyar launin fata ba. Yaran baƙar fata suna da makarantarsu ta firamare dabam, akwai gidajen abincin da ba a sayar musu, a gidan silima kuma akwai ɓangaren da aka keɓe musu.

Kakansa Janifer sana'arsa dafa abincin bukukuwa. Kakarsa Julia kuwa ta samu tarbiyyar Quaker tun tana ƙarama, ko da yake cocin mijinta take zuwa, kuma tana cikin 'ya'yan ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata. Manyan shugabannin baƙar fata irin su W.E.B. Du Bois da James Weldon Johnson sun sha sauka a gidanta. Rustin ya sha faɗa cewa babu wanda ya yi tasiri a rayuwarsa kamar wannan tsohuwa.

A makarantar sakandare ya yi fice a karatu, da gudu, da ƙwallon Amurka, da kuma rera waƙa, domin Allah ya ba shi murya. Tun a lokacin ya fara bijire wa wariya, har aka taɓa kama shi saboda ya zauna a ɓangaren farar fata a gidan silima na garin, ya kuma ƙi tashi.

Abin da ya faɗa wa kakarsa

A shekarun samartaka ne Rustin ya fahimci cewa zuciyarsa ba ta karkata ga 'yan mata kamar sauran sa'o'insa. A ƙaramin gari irin West Chester, inda martabar gida take rataye da bakin maƙwabta, wannan magana ce da ake binnewa. Shi kuwa sai ya tunkari kakarsa da ita, ya shaida mata cewa ya fi jin daɗin zama da maza a kan mata. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, tsohuwar ba ta yi masa tsawa ba, ba ta kuma kore shi ba. Ta tambaye shi ko da gaske haka yake ji, da ya tabbatar mata, sai ta nuna masa cewa to abin da ya kamace shi ke nan. Daga bisani ta gargaɗe shi da ya yi hattara wajen zaɓen abokai, ya riƙa hulɗa da waɗanda suke da mutuncin da za su kare kamar nasa.

Masu nazarin tarihinsa suna ganin cewa wannan karɓa da ya samu a gida ita ce ta bambanta shi da akasarin ire-irensa na wancan zamani. Waɗanda suka zauna da shi sun shaida cewa ba su taɓa ganin alamar kunya ko ƙyamar kai a tare da shi game da wannan batu ba. Sai dai duniyar da ke wajen gidan Julia ba ta da irin sassaucinta. Har zuwa farkon shekarun 1960 babu jihar Amurka ko ɗaya da ba ta haramta luwaɗi ba, likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasar kuma sun ci gaba da lissafa sha'awar jinsi ɗaya cikin cututtuka har zuwa shekarar 1973.

Ya kammala sakandare a shekarar 1932, ya shiga jami'ar Wilberforce da ke jihar Ohio, daga nan ya koma kwalejin horar da malamai ta Cheyney kusa da gida, amma duk bai kammala ba. A shekarar 1937 ya tattara ya koma unguwar Harlem ta birnin New York, inda ya riƙa ciyar da kansa da waƙa a gidajen rawa. Ya shiga ƙungiyar matasan 'yan gurguzu, saboda a lokacin suna cikin 'yan ƙalilan ɗin da ke magana da babbar murya kan zaluncin da ake yi wa baƙar fata. Amma a watan Yunin shekarar 1941, bayan da Jamus ta mamaye Tarayyar Sobiyet, sai jam'iyyar ta umarce shi da ya dakatar da yaƙin da yake yi da wariya a rundunar sojin Amurka. Nan take ya raba gari da su, kuma ya zama mai adawa da gurguzu har ƙarshen rayuwarsa.

Duka, kurkuku da sarƙa

A wannan shekara ce ya samu iyayen gida guda biyu. Na farko shi ne A. Philip Randolph, shugaban ƙungiyar ƙwadagon baƙar fata masu hidima a jiragen ƙasa, na biyu kuma A.J. Muste, wani malamin coci da ke jagorantar ƙungiyar FOR mai adawa da yaƙi, wadda ta ɗauki Rustin aiki. Daga nan ya duƙufa kan nazarin hanyar Mahatma Gandhi ta gwagwarmaya ba tare da zubar da jini ba.

A shekarar 1942 ya gwada wannan hanya da jikinsa. Ya shiga motar safa daga Louisville zuwa Nashville, ya zauna a kujerun gaba da aka keɓe wa farar fata, ya ƙi komawa baya. 'Yan sanda suka tare motar kafin ta isa Nashville, suka fito da shi suka lakaɗa masa duka, shi kuwa ko hannu bai ɗaga ba. Daga ƙarshe aka sake shi ba tare da an tuhume shi ba. Shekaru 13 ke nan kafin Rosa Parks ta yi irin wannan a Montgomery.

A cikin wata hira da aka yi da shi a shekarun 1980, ya bayyana cewa abin da ya tunzura shi ranar shi ne wani yaro farar fata da ya miƙa hannu zai taɓa laktayensa, sai uwar yaron ta hana shi da wata kalmar cin mutunci. Ya ce sai ya ga idan ya koma baya ya zauna shiru, ya taimaka wajen koya wa yaron cewa baƙar fata sun yarda da wulaƙanci. Ya ƙara da cewa irin wannan tunani ne ya sa ya ga wajibi ne kada ya musanta sha'awarsa ta jinsi, domin wanda ya yi shiru ya zama abokin tarayya a ƙiyayyar da ake nufinsa da ita.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙi amsa kiran shiga soja, saboda aƙidarsa ta Quaker. A shekarar 1944 aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekaru 3, ya yi watanni 28 a gidajen yarin Ashland da Lewisburg. A can ma bai zauna ba, ya shirya fursunoni suka yi ta bore kan raba baƙi da farare a ɗakin cin abinci. Amma da hukumomin gidan yarin suka gano yana mu'amala da wasu fursunoni maza, sai suka fallasa shi, abin da ya karya lagon fafutukar tasa. Wannan ne karo na farko da aka yi amfani da sirrinsa a matsayin makami, kuma ba shi ne na ƙarshe ba.

Bayan fitowarsa, shi da George Houser suka shirya wata tafiya a watan Afrilun shekarar 1947, inda mutane 16, rabi baƙi rabi farare, suka ratsa jihohin kudu a motocin safa suna zaune tare, domin gwada hukuncin Kotun Ƙoli na shekarar 1946 da ya haramta wariya a motocin da ke tsallaka jihohi. An kama shi a Chapel Hill ta jihar North Carolina, kuma a shekarar 1949 ya yi kwanaki 22 yana aikin hanya cikin ayarin fursunonin da ake ɗaurewa da sarƙa. Wannan tafiya ce ta zama abin koyi ga matasan da suka sake yin irinta a shekarar 1961.

Ziyarar Afirka da daren Pasadena

A shekarar 1948 ya je Indiya, 'yan watanni bayan kisan Gandhi, ya gana da almajiransa. A shekarar 1952 kuma ya ziyarci Afirka ta Yamma, inda ya gana da Kwame Nkrumah a ƙasar Ghana ta yanzu, da kuma Nnamdi Azikiwe a Najeriya, a lokacin da ƙasashen biyu ke neman mulkin kai daga Ingila. Ya koma gida cike da burin dawowa domin ya yi aiki da masu neman 'yancin, ya kuma shiga zagaya Amurka yana laccoci kan Afirka.

Cikin wannan zagaye ne ƙaddara ta afka masa. A ranar 21 ga watan Janairun shekarar 1953, bayan wata lacca a garin Pasadena na jihar California, 'yan sanda suka same shi cikin mota da dare tare da wasu maza biyu. Ya amsa laifi a gaban kotu, aka yanke masa ɗaurin kwanaki 60, aka kuma sanya sunansa cikin rajistar masu laifin lalata. Jaridu suka buga labarin. Wanda ya sha shiga kurkuku da alfahari saboda aƙida, wannan karon ya fito ba mai tarbarsa. Ya rasa aikinsa a ƙungiyar FOR bayan shekaru 12, dangantakarsa da Muste ta yi tsami, shirin komawa Afirka kuma ya rushe.

Zamanin ma bai taimaka masa ba. A watan Afrilun wannan shekara Shugaba Eisenhower ya sanya hannu kan wani umarni da ya share fagen korar masu neman jinsi ɗaya daga aikin gwamnatin tarayya, kuma dubban mutane suka rasa abin yi. Wata ƙaramar ƙungiyar masu adawa da yaƙi ce ta yarda ta ɗauke shi, bayan doguwar muhawara tsakanin shugabanninta. A shekarar 1955 ya taimaka wajen rubuta wata muhimmiyar takarda ta mabiya Quaker kan zaman lafiya, amma aka buga ta babu sunansa, sai shekaru da dama bayan mutuwarsa aka mayar da sunan.

Malamin Martin Luther King

A watan Fabrairun shekarar 1956 Rustin ya isa Montgomery ta jihar Alabama, inda baƙar fata suka ƙaurace wa motocin safa na birnin. Jagoransu Martin Luther King yana da shekaru 27 kacal, kuma ba a daɗe da jefa bam a gidansa ba. Rustin ya tarar da masu gadi ɗauke da bindigogi a ƙofar gidan, da kuma makamai a ciki. King ya karanta Gandhi a jami'a, amma Rustin ya shafe shekaru 15 yana aiki da koyarwar a aikace. Shi ne ya nuna masa cewa jagoran da ke kiran mutane su jure duka ba zai kwana da bindiga a gida ba, kuma daga bisani aka fitar da makaman.

Bai daɗe a garin ba, domin wasu shugabanni sun ji tsoron kada maƙiya su tono tarihinsa na gurguzu da na Pasadena su shafa wa gwagwarmayar baƙin fenti. Ya fice a ɓoye, ya ci gaba da ba King shawara daga nesa, yana rubuta masa takardu, yana nemo masa kuɗi. Shi ne ya tsara takardun da aka kafa ƙungiyar SCLC a kansu a shekarar 1957, wadda King ya shugabanta har mutuwarsa.

A ƙarshen shekarar 1959 ya sake komawa Ghana, a lokacin da Faransa ke shirin gwada bam ɗin nukiliyarta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Hankalin jama'ar Afirka ta Yamma ya tashi, saboda fargabar iskar hunturu za ta kwaso ƙurar gubar zuwa kudu. Rustin yana cikin waɗanda suka shirya wani ayari na 'yan Afirka da Turawa da Amurkawa, wanda ya tashi daga Accra a watan Disamba da nufin isa wurin gwajin. Jami'an Faransa suka tare su a garin Bittou na ƙasar Burkina Faso ta yanzu. Faransa ta tayar da bam ɗin a ranar 13 ga watan Fabrairun shekarar 1960, amma zanga-zangar ta ƙara wa batun amo a nahiyar. A watan Janairun shekarar 1961, bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Najeriya.

Komawarsa gida ke da wuya sai ya gamu da abin da ya fi ɗaurin Pasadena ciwo. A shekarar 1960 shi da King da Randolph suna shirin zanga-zanga a babban taron jam'iyyar Democrat a Los Angeles. Sai Adam Clayton Powell, ɗan majalisa baƙar fata mai wakiltar Harlem, ya aika wa King cewa idan ba a soke shirin ba, zai shaida wa 'yan jarida cewa akwai alaƙar lalata tsakaninsa da Rustin. Zancen ƙarya ne tsagwaronsa, amma King ya razana. Rustin ya miƙa takardar murabus yana zaton za a ƙi karɓa, sai King ya karɓa. Marubuci James Baldwin ya soki King a rubuce kan wannan mataki.

Makonni takwas

Shekaru uku bayan haka, da aka yanke shawarar yin gangamin Washington, Randolph ya dage cewa babu wanda zai iya tsara shi sai Rustin. Shugaban NAACP Roy Wilkins ya ƙi amincewa, yana mai cewa tabon da ke jikin mutumin ya yi yawa. Aka sasanta a kan Randolph ya zama darakta, shi kuma ya ce zai zaɓi mataimakinsa da kansa, ya zaɓi Rustin.

Daga wani tsohon gini a Harlem, cikin kimanin makonni takwas, Rustin da wasu matasa 'yan sa-kai suka tsara komai. Motocin safa sama da 2,000, da jiragen ƙasa na musamman 21, da jiragen sama 10 ne suka kai jama'a. An tanadi ƙunshin abinci 80,000, da ruwan sha, da makewayi, da wuraren ba da agajin gaggawa. Ya horar da 'yan sanda baƙar fata da ba sa bakin aiki domin su kula da tsari ba tare da makami ba, ya ƙayyade wa kowane mai jawabi mintoci 7, ya kuma tsara yadda kowa zai bar birnin kafin dare.

Ana saura makonni biyu, Sanata Strom Thurmond na jihar South Carolina, wani gogarman masu goyon bayan wariya, ya miƙe a zauren majalisar dattawa ya kira Rustin ɗan gurguzu, mai gudun aikin soja, kuma mai lalata, sannan ya shigar da takardar kamun Pasadena cikin kundin majalisa. Manufarsa ita ce ya tarwatsa gangamin. Amma wannan karon shugabannin ba su gudu ba. Randolph, wanda ya haura shekaru 70, ya fito gaban 'yan jarida ya bayyana cikakken amincewarsu da mutunci da ƙwarewar Rustin. Abin da aka daɗe ana yi masa barazana da shi ya fito fili a gaban ƙasa baki ɗaya, kuma daga ranar ya daina zama makami mai kaifi.

Taron ya gudana lami lafiya. Rustin da kansa ya karanta jerin buƙatun gangamin a gaban jama'a, kuma a mako na gaba mujallar Life ta buga hotonsa tare da Randolph a bangonta. A shekarar 1964 aka kafa dokar kare haƙƙin jama'a, a shekarar 1965 kuma dokar 'yancin kaɗa ƙuri'a.

Saɓani da tsofaffin abokai

Bayan wannan nasara, Rustin ya fara jan hankalin baƙar fata cewa lokaci ya yi da za a tashi daga zanga-zanga a koma siyasa, a haɗa kai da ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyar Democrat, domin a cewarsa shiga gidan abinci ba shi da amfani ga wanda ba shi da kuɗin saye. A shekarar 1965 ya zama shugaban wata cibiya mai ɗauke da sunan Randolph, wadda ƙungiyar ƙwadago ta AFL-CIO ke ɗaukar nauyinta.

Wannan matsayi ya jawo masa suka mai zafi. Matasa masu ra'ayin ƙarfin baƙar fata sun zarge shi da sayar da kai. Tsofaffin abokansa masu adawa da yaƙi sun yi mamakin yadda mutumin da ya yi zaman kurkuku don ƙin yaƙi ya sassauta murya kan yaƙin Vietnam. A shekarar 1968 ya goyi bayan ƙungiyar malaman New York a rikicinta da iyayen yara baƙar fata na wata unguwa a Brooklyn, abin da ya ƙara nesanta shi da jama'arsa. Ya kuma kasance mai tsananin goyon bayan Isra'ila. Har yau masana tarihi suna da saɓani kan wannan ɓangare na rayuwarsa, wasu na ganin hangen nesa ne, wasu kuma na ganin ja da baya ne. A shekarunsa na ƙarshe ya mayar da hankali kan 'yan gudun hijira, musamman na Vietnam da Cambodia, da kuma sa ido a zaɓuɓɓuka a ƙasashe daban-daban.

Shekaru goma na ƙarshe

A shekarar 1977, yana da shekaru 65, ya haɗu da Walter Naegle a birnin New York, wanda ya girme wa da shekaru 37, kuma suka zauna tare har mutuwa ta raba. Da yake a lokacin doka ba ta san da irin wannan zama ba, a shekarar 1982 Rustin ya ɗauki Naegle a matsayin ɗan riƙo a gaban kotu, domin ya samu ikon ziyartarsa a asibiti da kuma gadonsa. Dabara ce da wasu suka yi amfani da ita a wancan zamani.

Naegle ne ya ƙarfafa masa gwiwa ya fara magana a bainar jama'a kan haƙƙin masu neman jinsi ɗaya. A shekarar 1986 ya goyi bayan dokar birnin New York da ta hana a nuna musu bambanci wajen aiki da haya, yana mai cewa ana gane adalcin al'umma ne ta yadda take mu'amala da waɗanda suka fi rauni a cikinta. Duk da haka bai yarda a ba shi girman da bai ga ya cancanta ba. A wannan shekara da aka gayyace shi ya yi rubutu cikin wani littafi na baƙar fata masu neman jinsi ɗaya, ya ƙi, inda ya bayyana cewa shi ba ya cikin waɗanda suka fara wannan gwagwarmaya, kuma ba da son ransa asirinsa ya fito duniya ba, yanayi ne ya tilasta.

A watan Yulin shekarar 1987 ya je Haiti domin duba shirye-shiryen zaɓe, ya dawo ba shi da lafiya. An yi masa tiyata sakamakon fashewar wani sashe na hanjinsa, kuma ya mutu a New York a ranar 24 ga watan Agustan shekarar 1987, yana da shekaru 75.

Komawa West Chester

Garin da ya haife shi ya daɗe bai san yadda zai yi da sunansa ba. A shekarar 2002 hukumar ilimi ta West Chester ta yanke shawarar sanya wa sabuwar makarantar sakandare sunan Bayard Rustin, sai wasu mazauna garin suka tayar da ƙayar baya, suna kafa hujja da ƙin shiga sojansa, da tarihinsa na gurguzu, da kuma rayuwarsa ta jinsi. An shafe watanni ana tafka muhawara a tarurrukan jama'a, kafin hukumar ta sake kaɗa ƙuri'a a shekarar 2003 ta tabbatar da sunan. An buɗe makarantar a shekarar 2006.

A watan Nuwamban shekarar 2013, shekaru 50 bayan gangamin Washington, Shugaba Barack Obama ya ba shi lambar yabo mafi girma da ake bai wa farar hula a Amurka, kuma Walter Naegle ne ya karɓa a madadinsa a fadar White House. A watan Fabrairun shekarar 2020 gwamnan California Gavin Newsom ya yafe masa hukuncin Pasadena, shekaru 67 bayan yanke shi, sannan a shekarar 2022 wata kotu a North Carolina ta soke hukuncin da ya kai shi aikin sarƙa. A shekarar 2023 kamfanin Netflix ya fitar da wani fim mai ɗauke da sunansa, wanda ya mayar da hankali kan makonni takwas ɗin da ya yi yana tsara gangamin na 1963.